Yadda Na Zaunar Da Yaya Bashari A Teburin Karta

Ni dai ba ɓarawo aka haife ni ba. Mai gyaran firji ne ni a garinmu, kuma ban taɓa riƙe karta ba sai da na zo Jidda. Umara ta kawo ni a farkon shekarun dubu biyu, na gama ibada na ƙi komawa, kamar yadda da yawa suka yi. Wanda ya karɓe ni wani ɗan unguwarmu ne, Yaya Bashari, direban wani kamfanin kayan gini. Shi yana da iƙama, wato takardar izinin zama, yana da kafili mai mutunci, wato wanda ya tsaya masa a takardun, ga matarsa da 'ya'ya uku duk haihuwar Jidda. Ya ba ni katifa a ɗakin ajiyarsa a unguwar Mahjar, ya samo mini aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki.

Wannan aikin ne ya kai ni wani bene a unguwar Safa, gidan wani da ake kira Abu Yasir. Bahaushe ne ta kakanni, amma a Jidda aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Ina kan tsani ina kwance na'ura, mutum biyar suna zagaye da tebur suna karta da la'asar. Da na sauko ya ga idona yana kan teburin.

"Ta'al, zo zauna ka sha shayi," in ji shi. "Wannan poka ce. Ba irin cacar mahaukata ba ce, tana da iyaka. Ba ka da ikon sa fiye da abin da ke tsakiyar tebur."

Maganar iyakar nan ita ta kwantar mini da hankali. Na sa riyal kaɗan daga kuɗin aikina, na ci. Alhamis, ranar wasansu, ta zagayo na dawo ba tare da an kira ni gyara ba.

Abu Yasir ya lura ina da saurin lissafi, sai ya fara koya mini. Ya ce yawancin mutane katinsu suke kallo, mai hankali kuwa tarin tsakiya yake kallo. Idan akwai ɗari a tsakiya na sa ɗari, wanda ke bina yana iya biyan ɗarina, sannan ya ƙara ɗari uku a kai. Kafin a zagaya sau huɗu, abin da aka fara da kuɗin shayi ya zama albashin wata. Don haka, in ji shi, ba a tsorata mutum da wuri. A zagayen farko ka sa kashi ɗaya cikin uku na tarin, abin da zai ji kunyar gudu saboda shi. Na biyu ka sa rabi. Sai ya riga ya zuba abin da ba zai iya tashi ya bari ba, sannan ka sa cikakken tari.

Daga nan ya nuna mini sauran. Ni da shi za mu zauna kamar ba mu san juna ba, mu sa baƙo a tsakaninmu. Yawan abin da na sa shi ne saƙona gare shi: rabi yana nufin hannuna babu komai, cikakken tari yana nufin ya ƙara a kaina. Ni in ƙara, shi ya ƙara, mutumin tsakiya yana ta biya yana zaton sa'a ce ta juya masa baya. Haka muka cinye wani akawu ɗan Sudan, da wasu ma'aikatan asibiti, da wani mai shagon agogo a unguwar Balad da ya fita yana jingina da bango.

Na bar gyara. Na sayi waya mai tsada da turare. Abu Yasir ya ce in kawo fasfona ya ajiye, wai yana da wanda zai yi mini iƙama. Na kai masa da hannuna.

Bayan mai agogon nan barci ya fara gagara ta. Na ce wa Abu Yasir zan daina. Bai ko ɗaga murya ba.

"Halas, tafi," ya ce. "Amma ina za ka? Kai ba iƙama, ba fasfo. Waya ɗaya zan buga wa jawazat, masu kama marasa takarda, su zo har Mahjar. Kuma ka san hukuncin wanda ya ɓoye marar takarda a gidansa."

Yaya Bashari yake nufi. Tun daga ranar na zama kamar wanda aka ɗaure. In na ga motar 'yan sanda sai in shige lungu. In na koma gida in kasa haɗa ido da matar gidan tana miƙo mini abinci.

Baƙi suka yi ƙaranci, Abu Yasir ya ce dole in kawo mutum. Ya san Yaya Bashari ya karɓi adashensu na direbobi, yana shirin sabunta takardun iyalinsa. Ya ce, "Kawo shi sau ɗaya, in ba ka fasfonka." Na yi ta juya maganar, a ƙarshe na gaya wa kaina cewa zan mayar masa da kuɗinsa daga rabona.

Na ce wa Yaya Bashari walima ce ta 'yan gida. Da ya ga karta ya miƙe zai fita, na riƙe hannunsa.

"Yaya, wasa ne mai iyaka. Dubi, riyal goma kawai."

Ya zauna don kada ya kunyata ni. Muka bar shi ya ci sau biyu, har ya yi dariya. A na uku ya samu kati mai kyau, na gani a fuskarsa. Na sa kashi ɗaya cikin uku, ya biya. Na sa rabi, ya biya. Na sa cikakken tari, ya biya, Abu Yasir ya ƙara a kai. Yaya Bashari ya ciro ambulan ɗin kuɗin adashen daga aljihun jallabiyarsa, ya dube ni.

"Ƙanena, in bi?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ka riga ka zuba da yawa, Yaya."

Bai gama ajiye kuɗin ba 'yan sanda suka buga ƙofa. Ashe maƙwabta sun daɗe suna kai ƙara saboda yawan shige da fice. Aka kwashe mu duka.

Abu Yasir ya ɗora komai a kaina, ya ce ni ne mai kawo mutane, kuma ba ƙarya ya yi ba. Aka yanke mini ɗauri da bulala. Yaya Bashari ya samu hukunci mai sauƙi, amma kafilinsa ya janye hannu, aka soke iƙamarsa. Ɗaki ɗaya aka sa mu a kurkuku. Bai zage ni ba, bai doke ni ba. Yana shimfiɗa bargonsa nesa da nawa, in an kawo abinci ya ci ya juya wa bango fuska. Ranar ziyara matarsa ta zo da ƙaramar 'yarsu, na ji yarinyar tana tambayarsa da Larabci yaushe zai dawo gida. Ya ce mata ba da daɗewa ba. Daga can aka wuce da shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, aka sa shi a jirgi. Iyalinsa suka rage a Jidda wurin dangin matar, don yaran ba su san wata ƙasa ba.

Ni na ƙarasa wa'adina. A ciki na koma sallah, na yi kuka har na gaji. Da aka koro ni gida, na yi ta cigiya har na samu Yaya Bashari yana tuƙa motar haya. Ya rame, furfura ta cika gemunsa. Na durƙusa a gefen motar a gaban fasinjoji na nemi gafara.

Ya dube ni. Ya ce, "Abin da ka yi mini na yafe, don ina so Allah Ya yafe mini zaman da na yi a teburin. Amma na yaran nan ba nawa ba ne. Sai ka neme su."

Har yau ban samu hanyar ganinsu ba. Na koma gyaran firji, ina cin halak, kuma na tuba ga Allah tuba na gaskiya.

Matasa, ku ji daga wanda ya yi. Kada ku zauna a teburin caca ko don kallo ne. Kada ku miƙa wa kowa takardunku saboda alkawari. In kun riga kun shiga kuma ana yi muku barazana, ku je ku faɗa wa wanda ya riƙe ku gaskiya tun da wuri. Da na faɗa wa Yaya Bashari, da abin da zai same ni bai wuce kora ba, shi kuma da yana tare da 'ya'yansa. Tsoro ya hana ni buɗe baki, na gwammace in kai shi teburin.