Ƙahon da Ya Raba Ni da Gadon Ubana

Furfura ta cinye kaina, abubuwa da yawa sun zube mini, amma ranar da na tsaya gaban Bulaman garinmu na ce masa ba zan busa ƙahon da ya saya ba, wannan kam da ita za a binne ni. Bulaman ya daɗe da rigan mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Duk da haka in na tuna, zuciyata takan sake tashi kamar jiya aka yi.

Garinmu yana kan ɗan tudu a gabas da Haɗeja, gonakinmu kuwa suna ƙetaren ruwa, can cikin fadama. Tun kakanni gidanmu ne ke riƙe da ƙahon gari, kuma kira biyu kawai muke yi da shi. Dogon busa guda yana nufin kifi ya taru, kowa ya ɗauko homarsa da gorarsa a gangara su, wato kamun kifi. Gajeru uku a jere, da sauri, suna nufin ruwa ya ɓalle jingar ƙasar da ke tare shi, a yar da komai a hau tudu. Akwai kuma doka: wanda ya yi kiran gudu alhali babu ruwa, a ranar zai sauka daga aikin. Saboda dokar nan ba a taɓa gwada kiran gudu a fili ba, sai dai ranar da masifa ta zo.

Da mahaifina ya rasu na gaji aikin, na kuma gaji ƙahonsa a tsage tun daga baki har ciki. Bulama ya ce da kansa zai raka ni birni a zaɓo sabo. Muka sami wani tsoho mai gyaran ƙahoni a zaurensa kusa da ganuwa. Muna shiga idon Bulama ya faɗa kan wani ƙaton ƙahon bijimin Barno, an naɗe shi da jar fata, an yi masa geza har tana lilo. Na busa, zauren ya ɗauka, har ƙasa ta zubo daga rufi. Bulama ya washe baki.

Ni kuwa leɓena ya riga ya gaya mini abin da kunnensa bai ji ba. Murya mai kauri muke nema, gaskiya ne, domin ita ce ke ratsa ruwa da ciyawa, siririya iska ce ke cinye ta. Amma ƙahon nan yana da nauyin baki. Sai ka cika shi da numfashi kafin ya farka, in ka tsaya kuma shi bai tsaya ba, yana ta gurnani a bayanka. A gefe na hango wani ƙahon gwanki, baƙi, mummuna, an ƙara masa baki da guntun duma. Na sa masa leɓe, ya amsa nan take, can ƙasa, a tsabtace. Na ɗauke, ya yi tsit.

"Ranka ya daɗe, wannan ne namu," in ji ni.

"Wannan abin da ya yi kama da ludayin tsohuwa? Ka ce garina ba shi da mutunci ke nan."

Ya ɗauki babban. Ni kuma na tuɓe rigata ta sama na bar wa tsohon, na ɗauko ƙaramin, na dawo gida daga ni sai 'yar shara, mata suna leƙe suna dariya. Na rataye nawa a ƙofar ɗaki, na Bulama na jefa shi a rumbu.

Ba a yi mako ba magana ta kai masa. Damina ta yi nisa, kogi ya cika, rabin gari yana ƙetare ana cirar shinkafa. Da hantsi ya sa aka kira ni bakin ruwa gaban dattawa, aka ce in zo da ƙahonin biyu.

"Ɗan nan, ubanka bai taɓa musa mini ba," in ji shi. "Ko ka rataya wanda na saya, ko ka miƙa aikin ga ɗan baffanka."

"Ranka ya daɗe, a zaure ka ji shi. Mutanenka ba a zaure suke noma ba. Daga ƙetare, ukun nan guda za su zama."

Dattawa suka ce in bar gardama, ai kowa ya ji ƙarfinsa. Na dubi fuskokinsu na ga babu wanda ya taɓa tsayawa cikin fadama yana sauraron ƙahon nan, kuma babu mai niyyar yi. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na san doka sarai, kada wani ya ce mantuwa ce ko ruɗin ƙuruciya, ina da 'ya'ya uku a lokacin. Na ɗaga ƙaton ƙahon, na juya wa dattawa baya, na yi kiran gudu. Uku, gajeru, da duk saurin da Allah ya ba ni.

Wani ya ce, "Innalillahi, ya kashe kansa."

Sai ga mutanen ƙetare sun ɗago. Muka ga suna yar da fartanya, muka ji guɗa da shewa sun taso. Maimakon su nufi tudu, sai suka ruga bukkokin gona suka fito da homa da gora, suna gangarowa cikin kwari, daidai inda ruwa zai fara bi in jinga ta ɓalle. A gabansu har da yayan Bulama uwa ɗaya uba ɗaya, tsoho tukuf, yana ɗingishi yana ɗaga homa sama don murna. Na ajiye babban a ƙafar Bulama, na ɗauki baƙin nan, na sake kiran. Nan take suka tsaya cak, suka watsar da komai, suka yi tudu a guje, matasa biyu suka ciccibi tsohon.

Bulama ya daɗe yana kallon ƙetare. Da ya juyo, idonsa ya yi ja.

"Ka yi kiran gudu babu ruwa."

"Sau biyu ma, ranka ya daɗe."

"Ka san hukuncin."

"Na sani. Aikin naka ne, ka ba wanda ka so. Amma baƙin ƙahon nan ba zai koma ɗakina ba, shi zai bi aikin."

Ya karɓa bai dube ni ba, ya miƙa wa ɗan baffana. Aikin da ya yi kaka da kakanni a ɗakinmu ya fita a hannuna. Na yi kuka a ranar, ba zan ɓoye ba. An yi ta zuwa ana cewa in je in durƙusa in ba da haƙuri, wataƙila a mayar mini. Na ce haƙurin me? Ban je ba, har ya rasu ban je ba, ko da yake gaisuwa ba ta taɓa yankewa tsakaninmu ba.

Bayan damina huɗu, ina tsakiyar fadama ina cira kamar kowane manomi, 'yata ƙarama tana wasa a kan kunya, sai na ji shi. Uku, can ƙasa, kowanne daban da ɗan'uwansa. Na saɓa ta a kafaɗa na ruga. Muna taka tudu ruwa ya shafe inda take zaune.

Abin da na koya shi ne, gaskiya ba ta yi wa kowa alkawarin zai tsira da kujerarsa. Wani lokaci sai ka zaɓa tsakanin aikin da sunan mai aikin. Ni na zaɓa, na biya, kuma da za a mayar da ni bakin ruwan nan yau, sai na sake busawa.