Faifan da Ake Sa wa Ƙaya

Ranar Asabar ɗin da ƙasar nan ta samu mulkin kai, a shekarar 1960, da hantsi aka sallame mu daga filin makarantar elemantare ta Tambuwal, kowa da 'yar tutarsa a hannu, ƙafafu sun yi futu-futu saboda macin da muka sha tun safe. Ni dai ba tutar ce a gabana ba. Sauri nake in isa gida kafin Baba ya buɗe akwatin fayafayansa, don na yi ɓarna a ciki tun jiya, kuma a ranar asirina zai tonu ko ya rufu. Na tarar har an shimfiɗa tabarma a zaure, an ɗora garmaho, na'urar jin faifai mai aiki da allura, bisa kifaffen turmi, Baffa Ummaru tela, ƙanen Baba, yana goge sabon faifai da gefen rigarsa. Shekaruna tara a lokacin.

Baba fataucin goro yake yi, kuma daga Kurmi ya taho da garmahon nan tun ina goye. Akwatin fayafayan na katako ne, yana cin goma sha biyu cif, ko ɗaya ba ya ƙaruwa. Dokar Baba ita ce in sabo ya shigo, na ƙarshe a daraja ya fita, a mayar wa mai sayar da su a yi musaya ranar kasuwa. Shi ya sa ba a wasa da maganar daraja a zaurenmu. Duk faifan da ya zo sai an zauna masa kamar shari'a, a saurari fuska ɗaya, a juya a saurari ɗayar, Baba ya runtse ido yana tauna goro, Baffa yana kaɗa ƙafa. In an gama sai a kira ni da 'yar ƙwaryar lalle da tsinke, in ɗiga wa rigar takardar faifan hukuncinsa. Ɗigo uku na gaban goshi ne, shi ake sa wa sabuwar allura. Mai ɗigo biyu sai tsohuwar allura da aka wasa a dutse. Mai ɗigo ɗaya kuwa bai isa a ɓata masa ƙarfe ba, ƙayar aduwa ake fiƙe masa, ta yi fuska ɗaya ta dakushe a jefar. Allura sai an je Sakkwato ake samunta, ƙaya kuwa ga ta nan birjik a hanyar gona, ni nake ɗebo ta in na dawo daga korar tsuntsaye a dawa.

Ma'aunin Baba ɗaya ne, kuma ya sha faɗinsa da harshenmu na Sakkwatawa: "Waƙa magana ta. Wadda ba ta da magana, iska na." Akwai wani makaɗin noma da yake zuga wani sarkin noma har mutum ya ji kamar ya ɗauki hauya, wannan ya samu uku ba gardama. Wani mai kukuma ya samu uku saboda habaicinsa, ko da yake Baba ya ce 'yan amshinsa kamar ba su karya kumallo ba. Na kalangun mahauta biyu ya samu, wai kiɗan ya danne muryar. Akwai kuma wani na mutanen Ikko mai ƙahonni da ba wanda ke jin abin da suke cewa, Baffa ne ya tsaya masa da rantse-rantse har aka ba shi biyu, Baba yana cewa tela dai ba ya rasa son abu mai ƙyalli. Na ƙarshe shi ne faifan sarewa. Gyara aka ba Baba shi da ya sayi wasu, busa ce kawai ta makiyaya daga farko har ƙarshe, ba kiɗa ba murya. Baba ya saurare shi sau ɗaya ya ce in ɗiga ɗaya, shi ma don kada a ce an yi rowa.

Innarmu 'yar masu shanu ce daga wajen Kebbe, an kawo ta Tambuwal tana ƙarama, kuma hanyar garinsu ba ta biyuwa da damina, sai ta shekara biyu ba ta leƙa gida ba. Ba ta taɓa zama kusa da garmahon ba, ta bayan katanga take jin abin da ake sawa, ita da turminta. Mace ce mai kawaici, ba ta cewa ga abin da take so, balle ta aika wa maigida zaure da zancen waƙa. Amma ni da nake tankaɗe kusa da ita na lura da wani abu. Duk faifan da aka sa, dakanta take yi, har takan bi kiɗan da luguden taɓarya. In aka sa na sarewa kuwa sai ta tsaya cak, ta jingina taɓaryar a kafaɗa, ta zuba wa geron ido har busar ta ƙare, sannan ta ce min in daina kallon mutane in yi aikina. Haka take yi kowane lokaci.

To, ana saura kwana biyu bikin, Baffa ya zo da labarin an kawo sabon faifai na waƙar mulkin kai, kuma Baba ya ce a karɓo. Lissafin ba wuya, na sarewa ne zai fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko gaɗa ban fita ba ranar, carafke ma da muka zauna yi da ƙawayena sai zubar da duwatsu nake. Ran Juma'a da maza suka tafi masallaci na kwaɓa lalle, na shiga zaure na ƙara wa rigar faifan ɗigo biyu, na hura har suka bushe. A wautata na ɗauka shi ke nan. Ban tuna ba cewa tsohon ɗigon ya shekara uku ya koma baƙi-baƙi, nawa kuwa ga su jajaye kamar an yanka kaza.

Aka saurari sabon faifan, ya samu uku, don har sunayen garuruwa mawaƙin ya jero. Sannan Baba ya jawo akwati yana fitar da su ɗaya-ɗaya. Da ya zo kan na sarewa ya daɗe yana duban rigar, ya dube ni, ya dubi yatsuna da lalle ya kama. Na riga na sadaƙar zan sha bulala. Sai ya miƙo min tawadar allo ya ce, "Kulu, shafe biyun ga. Ƙarya ba ta zama cikin akwatina." Na shafe su na miƙa masa. Ya karɓa ya mayar da faifan wurinsa, ya zaro na kalangun mahauta ya miƙa wa Baffa ya ce shi za a kai musaya. Baffa ya ce, "Yaya, mai biyu za ka fiddawa ka bar mai guda?" Baba ya ce akwatinsa ne, ya ɓare goro. Maganar ba ta sake tashi ba, kuma daga ranar duk sabon da ya zo sai dai wani ya fita, na sarewa yana nan a ƙarshen layi da ɗigonsa ɗaya.

Abin da ba mu sani ba, sai daga baya wani mai gyaran agogo a Sakkwato ya faɗa min, shi ne allurar ƙarfe cin faifai take yi, wasasshiyar ma ta fi ɓarna, ƙaya kuwa ita ke cinyewa ta bar faifan lafiya. Ashe duk girmamawar da muke yi wa na gaban goshi kashe su muke yi. Kafin shekara shida makaɗin noman nan ya koma shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, mai kukuma ma sai wanda ya haddace waƙar ne zai gane ta. Rediyo kuma ta shigo gari, aka tura garmaho ƙarƙashin gado.

A shekarar ce Inna ta rasu, ina makarantar kwana. Da na zo hutu, wata safiya Baba ya ce in jawo garmahon in kakkaɓe, in nemo ƙaya. Na wana shi na ɗora faifan, busar ta fito tas kamar ranar da aka kawo shi. Muna zaune a zaure ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kullum anka sa shi taɓarya na tsayawa. Kin aza ban jin ta daga nan?" Sai na tambaye shi ko in kwaɓa lalle in ƙara masa ɗigo. Ya girgiza kai ya ce, "Har yau babu magana cikinai. Bar shi da gudansa." Muka saurara har ƙayar ta dakushe. A cikin gida ƙanwata A'i tana daka, taɓaryarta ba ta tsaya ba.

Yanzu jikokina a waya suke jin waƙa, ɗaruruwa a aljihu ɗaya, su danna wa wannan tauraro biyar, su share waccan tun ba ta kai rabi ba, ba akwatin da zai cika balle a yi shawarar wanda zai fita. Ba na ce musu komai, zamaninsu ne. Faifan yana cikin adakata da ɗigo ɗaya da tabon tawada biyu, garmahon da zai karanta shi kuwa ya daɗe da lalacewa. Ni dai har yau in na wuce gindin aduwa sai na duba ƙasa.