Modu Ya Tafi Bai Faɗa Mana Inda Ya Nuna Ba

Shekara shida ke nan da ciwon ƙoda ya ɗauke ƙanina Modu, amma har yau aikin da ya bari ne ke raba mana ruwa a Dusuman.

Ni bokona bai wuce firamare ba. Shi ya yi karatun kwamfuta. Mu huɗu muka haɗa rijiyar burtsatse mai sola, kullum rigima kan wa zai fara ban ruwa. Sai ya rubuta wa wata ƴar na'ura umarni, tana buɗe wa kowace gona bi da bi. Ni ya sa a ƙarshe, wai kada a ce ya yi son kai.

Na taɓa leƙa rubutun, na ce wannan ai tsutsotsi ne. Ya yi dariya. Ya ce a yaren da yake rubutu, akwai ƙananan ayyuka da ba a raɗa musu suna. "Yaya, ɗan dako da zai ɗaukar maka buhu sau ɗaya, kana tambayar sunansa?" Ya ce hanya uku ake rubuta su. Ko ka yi cikakken bayani, ɗauki wannan ka kai shagon wane. Ko ka ce kai can. Ko kawai ka nuna da baki. Modu ya fi son na ukun. Da ma shi ba mai yawan magana ba ne.

Bana ruwa ya ja baya. Na'urar tana kashe famfo kafin layi ya zo kaina. Albasata ta fara kwanciya.

Maƙwabcin gonata Ishaku ya kira ƴarsa Rifkatu, wadda ita ma aikin kwamfuta take yi. Ta zauna a gindin darbejiya ta duba. Masu cikakken bayani ta karanta su tsaf, gajerun ma ta gane. Da ta kai kan wanda ke kashe famfon, irin na nuni da bakin nan ne, sai ta ce, "Baba, na ga abin da yake yi, ban ga dalili ba. Ko famfo yake karewa, ko rijiyar. In na cire, injin ya ƙone, gona huɗu ce ta tafi." Ban ga laifinta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai ɗakin kuma yana maƙabartar Gwange.

Da yana nan, me zai ce? Wataƙila ya gyara kafin shayi ya huce. Wataƙila kuma ya ce mu bar shi, rijiyar ce ta gaji. Ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Na ce kada ta taɓa. Yanzu jarka nake ɗauka daga ragowar ruwan da ke kwatar gonar Ishaku, da wannan bayan nawa. Rabin albasar ba za ta kai ba.

Allah ya jiƙan Modu. Ya bar mana gona uku kore shar, da rigimar da ta mutu. Ni kuma ya bar ni a ƙarshen layi, yana ta nuna mini wani wuri da baki, ban ga inda yake nufi ba.