Ranar da Na Goya Maniyyin Alade

Har yau ban manta da wata safiyar Janairu ba, ina shekara ta biyu a ɗakin bincikenmu na jami'a, a wata ƙasar waje mai tsananin sanyi. Aikinmu shi ne mu ware maniyyin alade, mai ba da mace daban, mai ba da namiji daban. Warewar tana gajiyar da shi, sai mu zuba masa sinadarin kariya, antioksidan, mu ga ko zai daɗe a ajiye. Kwalabe goma sha biyu nake da su, rabi da sinadarin, rabi babu. Ran nan suka cika kwana biyar, ranar dubawa. In ƙwayoyin maniyyin suka mutu kafin in duba, digirina ya koma baya da zango guda.

Na iso na tarar ƙanƙara ta katse wuta. Akwatin ajiyarmu digiri goma sha bakwai yake riƙewa, ga shi yana ta sauka. Baba Isuhu, dattijon Nijar mai kula da ginin, ya same ni ina zagaye ɗaki.

"Rifkatu, ki kai su waje mana. Ga firigo Allah ya bayar kyauta."

"Baba, sanyi ne ke kashe su! Ba kamar na bijimi ba ne."

"Ikon Allah. Alade ma da shagwaɓa?"

Akwai wuta a ginin da ke ƙetaren fili, amma hanyar santsi ce kamar gilashi, dole hannuwana su zama a sake. Baba Isuhu, wanda ko ƙofar ɗakinmu ba ya son taɓawa, ya tuɓe kwat ɗinsa ya miƙo daga nesa.

"Naɗe su. Ni dai ban taɓa ba, kuma kada ki dawo min da ita."

Na naɗe akwatin, na goya shi da gyalena. Yana gaba yana watsa gishiri don ya narkar da ƙanƙarar, ina biye ina dariya har da hawaye. Itatuwa duk sun sa kayan lu'ulu'u.

"A hankali, maijego!"

Da muka isa na leƙa madubin ƙara girma, masu sinadarin suna ta iyo kamar kifaye bayan ruwan farko. Sauran sun fara kasala. Na yi tsalle, na kira shugabar aikinmu. Ba ta ce barka ba, sai: "Digiri nawa ne da kuka isa?"

"Sha shida."

"To, rubuta."

Ku sababbin ɗalibai, kullum ku fara duba ma'aunin zafi kafin ku yi murna. Kuma ku riƙa gaida Baba Isuhu da kyau. Sunansa ba ya cikin rahoton, amma ranar da rigar shan iska ya koma gida.