Batir a Kan Katanga

Maigidana magini ne, ginin ƙasa, na tubali da yaɓe. A Bebeji ya faɗo daga kan wani soro da suke rufewa, cinyarsa ta karye, aka kawo min shi Dangora a bayan a-kori-kura. Wani tsoho Bafillace daga rugar wajen Ɗansoshiya ya yi masa ɗori. Ranar da ya zo kwance karare ya sa aka kira ni, ina bayan ƙyauren zaure yana yi min bayani. Ya ce ƙashi ya kama, saura jijiya. Kullum ya taka ƙafar, ko da kuka ne. In ya bar ta a naɗe ta daɗe, za ta ƙage, kuma ba mai miƙe ta.

Taku ɗaya maigidana ya yi, ya ji zafin, ya koma tabarma. Daga nan ya daina magana. Abinci ma sai na yi da gaske.

Ana haka ƙanensa, direban bas a hanyar Kano, ya kawo masa wani abin wasa wai gem. Bai fi sandar sabulu tsayi ba, da ɗan gilashi a samansa. A cikin gilashin an jera bulo sahu-sahu, a ƙasa ga ɗan katako da kake turawa dama da hagu da babban yatsa, kana tare wani ɗigo baƙi. Ɗigon ya tashi ya fasa bulo ya dawo. In ya kuɓuce maka, abin ya yi kukan ɗan tsako, ka mutu. Akwai lambobi a gefe, amma a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai da na yi jika na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Kar in yi ƙarya, na yi murna. Mutumin da ya yi shiru kamar an binne shi, sai ga shi yana tsaki, yana zagin ɗigo, yana cewa wanda ya jera bulon nan bai san aiki ba, ko ɗauri babu. Da batir ya yi sanyi ni nake kai shi rana in shanya a kan murfin tukunya, in ƙwanƙwasa shi da dutse, ya ɗan farfaɗo. Na rediyo da na tocila duk na kwashe masa. Mako uku ina wannan hidima da hannuna.

Wata safiya ina gasa masa ƙafar da ruwan zafi na ga gwiwar ba ta kwanciya. Na danna, ta ƙi. Dunƙulen hannuna ya wuce ta ƙarƙashinta ba tare da ya taɓa komai ba. Muna da bakin ci biyar, kuma ba a hawa bango da ƙafa ɗaya.

Na ce, "Malam, tashi ka taka."

"Bari in gama wannan bangon."

Bangon ba ya ƙarewa. Ka share shi tas, wani ya sauko. Na yi tunanin jefa abin a rijiya, sai na tuna shirun nan na fasa.

Na tura yara gidan innata don kar ya sami ɗan aika. Na shanya batir a can ƙarshen tsakar gida, gindin rumbu, na zauna ina tsince wake. Ya kira, na ce ga su can. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya ce in haɗa kayana. Na ce in zan tafi ma sai ya rako ni zaure da ƙafarsa.

Jan gindi ya yi. Namiji mai gemu, ya ja jiki a ƙasa cikin kashin kaji har gindin rumbu, ƙafar a naɗe yana riƙe da ita kamar jariri. Na shiga madafa na toshe bakina da zane.

Washegari na taka turmi na ɗora su a kan katanga, inda sai ka miƙe tsaye ka yi ɗage. Ya kai azahar yana kallon wurin. Sannan ya ja jiki, ya dafa bango, ya tashi a kan ƙafa mai lafiyar. Hannunsa bai kai ba. Sai da ya sauke ɗayar ya ba ta nauyi. Ƙarar da ya yi har maƙwabciya ta leƙo tana salati, na ce mata ta koma, ba mutuwa aka yi ba.

Haka muka yi ta yi kullum, ina matsar da su gaba, yana tsine min, har aka fara shuka. Ya yi tafiya, amma gwiwar ba ta miƙe duka ba. Da tsohon ya dawo ya duba, ya tambayi kwanakin da aka yi ba a taka ba. Na faɗa masa gaskiya. Sai ya nemi sandarsa.

Maigidana bai ƙara hawa soro ba. A ƙasa ya ƙare, yana kwaɓa ƙasa da ƙafa mai lafiyar yana dunƙula wa waɗanda ya koya wa aiki tubali. Har ya rasu bai taɓa ɗora min laifin mako ukun nan ba, ni ma ban taɓa tayar masa da maganar ba.