Albasar Gwaggo Ta Hau Jirgi

Daminar da ruwa ya cinye kwalbatin hanyar ƙauyenmu, can bayan Jiga Makera a ƙasar Aliero, mota ta daina shigowa, mai babur ma sai ya sauka ya tura. Magani ya ƙare a asibitin sha-ka-tafi. Ana nan sai malamin asibiti ya bi gida-gida yana roƙon a janye awaki daga filin makaranta, wai masu gwajin wani jirgin sama na kaya za su aiko mana da magani daga Jega.

Da hantsi muka jiyo shi daga yamma, ƙara kamar injin ban-ruwa. Ya zo da fukafukai a miƙe, ya tsaya cak bisa filin, farfelolinsa suka kama juyawa, ya sauko a tsaye ya dire. Malamin ya ce mai yake sha in yana tafiya, amma wajen tashi da sauka batir ke ɗaukar nauyin.

Ba mu gama kallo ba sai ga Gwaggo, yayar babana, ta ratso mutane da ƙwaryar fura. Ita dai baƙo ba ya shiga garinmu ya fita da ƙishirwa.

"Ina direba? Ku ce mai shi hito shi jiƙa maƙoshi."

Na ce, "Gwaggo, ai babu kowa ciki."

Ta harare ni. "To shi yak kawo kainai?"

Da malamin ya buɗe cikin jirgin yana fitar da kwalaye, ta leƙa ta yi sallama har sau biyu. Aka fashe da dariya. Malamin ya nuna mata wani ɗan gilashi a goshin jirgin, ya ce masu tuƙin suna zaune a Jega, ta nan suke ganinmu.

Gwaggo ta yi wuf ta ja mayafi. "Suna ganina, ɗan nan, ba ka hwaɗi ba tun ɗazu?"

Ta gaishe da gilashin, ta tambayi mutan gida, sannan ta tura ni rumbu in ɗebo albasa, wai baƙo ba ya komawa hannu rabbana. Na ciko kwando. Malamin ya buga waya, muna jin na can yana dariya, ya ce sun yarda amma sai an auna. Aka ɗauko sikelin awon jarirai. Kwandon ya yi nauyi, aka ce a rage. Gwaggo ta durƙusa tana mita, tana tsince ƙananan tana barin manya.

Aka sa albasar a cikin jirgin aka rufe, muka ja baya. Jirgin ya ɗaga sama, iskarsa ta kwashe hular liman, yara suka bi ta da gudu. Gwaggo ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Furar kuwa ni da malamin muka shanye.

Bayan azahar malamin ya same mu a zaure, ya ce saƙo ya isa, har an yanka wata an sa a wake da shinkafa.

Gwaggo ta ce, "Mi sunka ce? Da yaji?"

"Sun ce mai yankan har da hawaye."

Ta gyaɗa kai. "To madalla. Ka ce musu ta ƙasar Aliero ce."