Abin da Blažena Ta Cire Daga Takarda

Blažena Kadlecová marowaciya ce, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ba rowar abinci ba. Duk wanda ya shiga gidanta a ƙauyen Lhotka cikin watan Disamba sai ya fita da ƙunshin biskit, ko da bai gaishe ta da kyau ba. Rowarta ta sani ce. In mace ta roƙe ta yadda take yin biskit ɗinta mai kumfar ƙwai da gyaɗar bishiya, sai ta zauna ta rubuta mata a takarda da rubutunta mai kyau, ta miƙa mata, sannan ta faɗa mata ido da ido cewa ta cire abu ɗaya, wani kuma ta canza awonsa. Mai zuciya takan yage takardar a nan take. Marar zuciya takan tafi da ita gida ta ɓata ƙwai.

Biskit ɗin ba wani abin kallo ba ne. Ƙasansa siririn kwaɓi ne na fulawa da man shanu da gwaiduwa, a shafa masa jam mai tsami na dafaffun 'ya'yan itace, a rufe da farin ƙwai da aka buga da sukari har ya tsaya, a gauraya shi da niƙaƙƙiyar gyaɗa. In ya gasu, samansa yakan tsage kamar ɓawo, cikinsa da laushi. Kowace mace a ƙauyen tana yin irinsa kafin Kirsimeti. Amma na Blažena daban ne, har waɗanda ba sa ƙaunarta sun yarda da haka. Mata na gasar yawan kala, wannan ta ce ta yi sha biyu, waccan sha biyar. Ita bakwai take yi, tana cewa mai sha biyar ba ta da ko ɗaya na kirki.

A wajen uwarta ta koya, a tsaye, ba takarda ba ma'auni, sai mari a bayan hannu in ta yi kuskure. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a gidan kaji na gonar haɗin gwiwa, inda ake barin ma'aikata su tafi gida da ƙwan da ya tsage. Mijinta Květoslav direban tarakta ne, aikinsa a watan Nuwamba fasa gyaɗa da guduma, in ya fasa uku ya ci ɗaya. Shekara sha ɗaya ke nan da mutuwarsa. 'Yarsu ɗaya, Radmila, tana aiki a shagon tabarau a birnin Jihlava. Da za ta yi aure ta tambayi uwarta sirrin, ita ma aka ba ta takardar ƙarya kamar kowa. Blažena ta ce mata sauran sai ranar da ta ga mutuwa ta tunkaro ta. Radmila ta ce to ta riƙe abinta, ba ta sake tambaya ba.

Gidan da ke jikin nata na Otýlie ne, gwauruwa ita ma, wadda ta girme ta da shekara biyu. Shekara hamsin da biyu suna faɗa a kan shinge saboda ganyen bishiyar gyaɗar Blažena da ke zuba a tsakar gidan Otýlie. Duk da haka, kowace shekara faranti yakan tsallaka shingen cike da biskit, ya dawo cike da na Otýlie, tare da saƙon cewa na bana bai kai na bara ba. Ƙarya take yi, su biyun sun sani.

A watan Satumba na shekarar da ta cika saba'in da tara, Blažena ta faɗi a gindin bishiyar tana tsintar gyaɗa. Ciwon shanyewar jiki ne, ƙarami, in ji likita. Mako uku ta yi a asibiti. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, magana ta dawo da zafinta. Abu biyu ne ba su dawo ba. Harshenta ya daina jin ɗanɗano, miya da burodi da kofi duk sun zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Kanta kuma ya sami ramuka, ba manya ba, amma ba ta sanin inda suke sai ta taka ta faɗa. Zancen harshen ba ta gaya wa kowa ba. Gyaɗar bana kuwa yawancinta ta ruɓe a ƙasa lokacin da take kwance, rabin buhu kawai Radmila ta iya kwashe mata.

Makon farko na Disamba ta ɗaura gyale ta kunna tanderu. Kwaɓin ƙasa hannunta ne ya yi shi ba tare da ya shawarce ta ba. Ta shafa jam. Ta buga farin ƙwai da maburgi har ta kife kwanon a saman kanta bai zubo ba. Sai hannunta na dama ya miƙa zuwa kantar kayan girki, kamar yadda ya saba shekara sittin, ya tsaya a iska. A kan kantar akwai gishiri, kirfa, kanumfari, lemun tsami, garin koko, ruwan tsami, da ƙaramar kwalbar giya ta girki. Ta san akwai abin da take ɗauka a nan kafin ta zuba gyaɗa. Ta tsaya tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya har kumfar ta fara sakin ruwa a gindin kwano.

Tiren farko aladen wani maƙwabci ne ya ci. Na biyu ya tashi, ya tsage yadda ya kamata, a ido ba shi da aibu. Ta ɗanɗana, ba ta ji komai ba. Ta zuba guda huɗu a faranti, ta ɗauki sanda ta zagaya shingen.

"Ke yarinya, buɗe bakin nan naki da ba ya rufuwa, ki ci wannan."

Otýlie ta gyara haƙoran robarta, ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa.

"Na wa ye?"

"Na ubanki."

"To ubana bai iya ba. Ba shi ba ne, Blažena."

"Me ya rage?"

"Da na sani, zan yi shekara hamsin ina cin naki ina zagin ki? Ke ba ki da baki ne?"

A nan Blažena ta gaya mata zancen harshen da ramukan kanta. Otýlie ba ta ce sannu ba. Ta ce alhakin matan da ta yi wa ƙarya ne, ta kuma ce gobe a kawo wani, amma kada a zo mata kafin ta sha kofi.

Da rana Blažena ta bi gari gida gida tana neman takardunta. Ta rubuta kusan ashirin a rayuwarta. Wasu masu su sun mutu 'ya'yansu sun ƙone tarkace, wasu sun koma birni, wata ta ce ta hura wuta da tata tun ranar da aka ba ta. Biyar ta samu, duk sun yi maiƙo. Ta jera su a tebur. Ɗaya ta ce ƙwai uku, ɗaya huɗu, ɗaya biyar. Biyu suna da kirfa, uku babu. Ɗaya ta ce a soya gyaɗar kafin a niƙa, ɗaya ta ja layi a ƙarƙashin cewa kada a soya. Ta ga ashe ta iya ƙarya da kyau, ba ta taɓa maimaita ɗaya sau biyu ba. Ba ta kuma san ko abu guda ta cire wa kowa ba, ko kowacce da nata.

Ta kira Radmila a waya ta tambaye ta ko takardarta na nan. Radmila ta ce ta ɓata tun wani tashi da suka yi. Blažena ta tambaye ta ko ta taɓa lura da abin da take ɗauka a kan kantar. Radmila ta tuna mata cewa korar ta take yi daga kicin daidai wannan lokacin, ta aike ta ɗebo itace ko da akwatin itace a cike yake. Sannan ta sassauta murya ta ce kada Mama ta wahalar da kanta, akwai shagon da ke sayar da irinsa a ƙasan gidansu, za ta taho da kilo ɗaya. Blažena ta ajiye wayar ba sallama.

Daga nan ta shiga gwaji. Kowace safiya rabin tire, kowace safiya canji ɗaya, saboda gyaɗa ba yawa. Sai ta kai wa Otýlie, ta zauna a kujerar bakin ƙofa tana kallon muƙamuƙinta. Ranar koko Otýlie ta ce wannan cin mutunci ne. Ranar giya ta ce ya yi daɗi amma na wata ne. Ranar ruwan tsami ta tofar a tafin hannu. Blažena tana rubuta kowane hukunci a bayan kalanda, ita da ba ta taɓa rubuta gaskiya a kan biskit ba. Rana ta tara, da ta sa ɗan kanumfari da kankararren ɓawon lemu, Otýlie ta rufe ido, ta haɗiye.

"Ya matso," ta ce. "Kamar mutum ya hango gidansu daga tashar mota. Amma ba ki shiga ba tukuna."

Blažena ta koma gida da sauri har ta manta sandarta.

Washegari da safe ta iske motar asibiti a ƙofar Otýlie. Ashe Otýlie ta fito zubar da toka, ta zame a kan ƙanƙarar matakala, ƙashin kwatangwalo ya karye. Daga asibiti ɗanta bai dawo da ita ƙauye ba, ya kai ta gidan tsofaffi kusa da birnin Ostrava, tafiyar da Blažena ba za ta iya ba. Ya zo ya rufe tagogi, ya kashe ruwa, ya ba da kyanwa. Blažena ta ƙunshe gwaji uku, kowanne da lambarsa, ta aika ta gidan waya. Bayan kwana biyar ta samu Otýlie a waya. Muryarta ta ƙanƙance. Ta ce sun hana ta sukari, ƙunshin ma ba ta gan shi ba, ma'aikatan jinya suka raba, sun ce a gode wa mai shi, ya yi daɗi ƙwarai. Blažena ta tambaye ta ko za ta dawo kafin bazara. Otýlie ta ce ɗanta ya riga ya fara zancen sayar da gidan, ta ce ganyen bishiya yanzu sai ya zuba wa baƙi.

Gyaɗar da ta rage ta tire ɗaya ce. Blažena ta raba kumfar biyu. Rabi ta yi shi yadda Otýlie ta ce ya matso. Ɗaya rabin ta zuba masa gishiri cokali guda cur, da gangan. Ta yanka su, ta haɗa a gwangwani ɗaya, ta kai ɗakin ajiya mai sanyi su yi laushi.

Kwana biyu bayan jajiberin Kirsimeti, da rana, gidan ya ɗan cika. Radmila da mijinta suna nan tun jajiberin, ranar da ake cin kifi, ga kuma mata biyu na layin, cikin waɗanda suka ba ta aron takardunsu. Aka dafa kofi. Blažena ta jera biskit ɗin a farantin uwarta, ta san wanne ne wanne saboda mai gishirin ta yanka shi ƙanana. Ta zauna ta harɗe hannu.

Suka ci. Mijin Radmila ya ɗauki ƙarami, ya ɗan tsaya, ya kora da kofi, ya ce hannun Mama ba ya tsufa. Ɗaya matar ta ce ita dai ba ta taɓa cin irinsa ba. Ɗayar ta ɗauki na biyu don a gani, ta ɓoye rabinsa a ƙarƙashin cokali. Radmila ta ci babba, ta ci ƙarami, ta dafa kafaɗar uwarta ta ce kamar na kullum, babu abin da ya canza.

Blažena ta dube su. Waɗannan su ne suka rage mata a kusa da suka san ɗanɗanon abin, kuma dukansu sun yanke shawarar cewa ita yanzu abar lallaɓawa ce. Ta tuna shekarun da mutane ke tsoron bakinta, suna mayar mata da martani daidai da nata. Tun da ta dawo daga asibiti ba wanda ya yi mata gardama sai mace ɗaya, ita kuma tana kwance a Ostrava tana shan romo.

Ta gaya musu abin da ta zuba a ƙananan. Ta gaya musu harshenta ya mutu tun Satumba, kuma abin da ta cire daga takardunsu ita ma ba ta san shi ba yanzu. Radmila ta janye hannunta, ta fara tattara kofuna da ba a gama sha ba.

"Ajiye su, Radmila, zauna," Blažena ta ce. "Abu ɗaya nake roƙon ku, ku huɗun nan. Kada wanda ya sake ce mini ya yi daɗi. In bishiyar ta yi 'ya'ya baɗi kuma ina nan, zan kawo muku. Ku ci, ku ce mini ba shi ba ne."